Na Ƙasa Ba Ya Shiru

Matso kusa in gaya maka wata magana, amma ka lura da ƙafarka, wayata ce nan a kan tabarma tana jiran kira. In ta yi ƙara ina tsakiyar zance, ka yi haƙuri, barin ka zan yi in ɗauka. Akwai wani mutum can Legas, ƙanin mijina, wanda ba ya shiga rami sai ya kira ni, kuma ba na ajiye waya sai ya fito. Duk ranar da ya sauka, ransa a kunnena yake rataye. Yadda abin ya zama haka shi ne labarin.

Ni 'yar Maska ce, aure ya kawo ni Gozaki, gidan mahaƙa rijiya. Sana'ar gidan ke nan tun kaka da kakanni. Da damina suna gona, masara da dawa da 'yar auduga, da rani kuma suna ƙarƙashin ƙasa, ko haƙa sabuwa ko yasar tsohuwa. An ce kakansu Bamaguje ne, ba ya sauka rijiya sai ya zuba ɗan farau-farau a bakinta ya yi wa masu wurin sallama. Jikokinsa bisimilla suke yi. Amma abu biyu ba su canza ba tun daga kansa. Na farko fitila. Kafin mutum ya sauka, sai a kunna ta, a ɗaura mata igiya a zura. In ta kai ƙasa tana ci, to akwai iska. In ta mutu a hanya, sai a ɗaure rassan darbejiya a yi ta jan su sama da ƙasa har muguwar iskar ta fita. Na biyu kuwa doka ce: na ƙasa ba ya shiru. Ko labari, ko waƙa, ko zagin laka, dole bakinsa ya yi ta motsi. Na sama kuma ya riƙa cewa, "Ina ji." Da muryar ta yi nauyi ko ta ɗauke, ba a tambaya, ba a jira, ja ake yi.

Inna, uwar mijina, ita ta zaunar da ni a bakin rijiyar gidanmu tun ina amarya. Ta ce, "Maza ƙarfi gare su, 'yar nan, amma kunnensu na kan guga. Ke zauna nan ki saurara. Ba maganar za ki ji ba, numfashin da ke tsakanin magana da magana za ki ji." Ita ma haka aka zaunar da ita a zamanin nata mijin. Ni kuwa Allah ya yi ni da kunne. Ina ɗaki nakan san akuyar wa ta shigo gida, nakan san wadda ke daka a maƙwabta ko fushi take yi.

Maigidana mutum ne marar magana. Sai ka wuni da shi ba ka ji abin da ya wuce "to" da "madalla" ba. Farkon aurenmu har kuka na yi wa Inna, na ce an haɗa ni da turmi. Ta yi dariya ta ce in jira rani. Da rani ya zo ya sauka yasar rijiyar gida, sai ga mutum ya buɗe kamar rediyo. Labarin jakin da ya kayar da shi yana yaro, labarin ranar da ya fara ganina a kasuwa ina rigima da mai gishiri, har kwaikwayon muryata yake yi. Daga can ƙasa ya ce miyar da na yi ranar da na tare gishiri ya yi mata yawa, ya shanye ne don kunya. Na ce, "Au, ashe kana da baki?" Ya ce, "A nan nake ajiye shi, kada ya lalace." Duk wata magana mai daɗi da ya taɓa gaya mini, daga cikin rijiya ta fito, da ɗan amsa-kuwwa a bayanta. Yana fitowa ya wanke laka, shi ke nan, turmi ya dawo.

Ƙaninsa, autan Inna, shi ne mai igiya. Ƙato ne mai faɗin kafaɗa, ga baki kamar na maroƙi. Ba ya shigowa gida sai ya tsokane ni.

"Matata, yau me kika ƙona mana?"

"Wanda ya ƙone ɗin ma ba za ka samu ba, mijin banza, ko zanen salla ba ka taɓa saya mini ba."

"Ai Yaya na riƙe mini ke ne kafin in yi kuɗi."

"To zan tsufa a hannun Yaya."

Shi a sama yake zuba, wansa a ƙasa. Inna takan ce Allah ya raba musu magana ne kamar gado, ɗaya ya ɗauki ta sama, ɗaya ta ƙasa.

Sai zamani ya juya. Motocin haƙa burtsatse suka shigo, abin da mutanenmu ke yi wata guda su yi shi kafin la'asar. Masu hali suka daina neman mahaƙa. Gonarmu ta nesa, wadda ke cika rumbu, ta zama ba a zuwa saboda masu bindiga a daji. Takin zamani ya fi ƙarfinmu. Shekarar da rumbu ya nuna gindinsa tun kafin a yi shuka, maigidana da auta suka ce za su bi 'yan cin-rani zuwa Legas, an ce can ma ana neman masu haƙa. Na raka su da ido har suka hau babur zuwa Funtua, daga can suka hau bayan motar shanu.

Ni ban taɓa wuce Zariya ba, kuma ba na sha'awa. Ɗakina da tsakar gidana sun ishe ni duniya. Amma Legas na san ta da kunne. In suka kira, auta ne ke karɓe wayar ya yi ta ba ni labarin mutanenmu da suke kwana tare a wata rumfa bayan kasuwa. Akwai mai tonon bola yana tsintar ƙarfe da roba, hannunsa duk yankan kwalba. Akwai masu shiga kwata har ƙugu suna kwashe dagwalo in ruwa ya toshe. Akwai wani dattijo daga wajen Malumfashi, mai gona da shanun huɗa a gida, a can kuwa tumbi da hanji yake wankewa a mayanka, ƙudaje na bin sa har masallaci. Auta yana faɗa yana dariya, ya ce duk aikin da ɗan gari ya toshe hanci ya wuce, to ka duba da kyau, namu ne a ciki.

Na ce, "Ku fa?"

Ya ce, "Mu ai rijiya, sana'ar gado."

Ban yarda ba. Wata rana na kira maigidan da hantsi ya ɗauka yana cikin rami. Rijiya na san muryarta. Tana da sanyi, magana takan yi zagaye ta hau, kuma ko yaya za ka ji ɗigar ruwa. Wannan ramin muryarsa a daskare take, kamar mutum na magana cikin tanki. Ba ɗigar ruwa. Abin da ake zubawa a guga kuma ba ƙarar laka yake yi ba.

Da suka dawo gab da damina, sun zo da atamfa da shinkafa da takalman yara, gida ya cika da murna. Amma da aka kawo tuwo, maigidan ya ce a ba shi cokali. Mutumin da tun tasowarsa akushi ɗaya yake sa hannu da ƙaninsa da baƙinsa a zaure, yau shi ne da cokali, a gefe, a kwanonsa shi kaɗai. Mutane suka fara cewa Legas ta sa masa girman kai. Ni kuwa da nake kusa da shi, kananzir nake ji. Ya yi wanka da sabulu mai ƙamshi, ya sa turare, amma can ƙarƙashi akwai kananzir, ƙarƙashin kananzir ɗin kuma akwai wani abu. In 'yarmu ƙarama ta kama yatsansa za ta kai baki, sai ya janye kamar ta taɓa wuta.

Ban tambaye shi a ɗaki ba, na san ba a nan bakinsa yake ba. Na ce masa ruwan rijiya ya fara ja, a yashe ta kafin ruwan sama. Ya sauka, auta na kan igiya, ni ina zaune inda Inna ta zaunar da ni. Ya yi labarin mota, ya yi labarin teku, sannan ya ɗan tsaya.

"Kina ji?"

"Ina ji."

"Ba rijiya muke haƙa a can ba."

"Na sani, Malam."

"Masai ne. Na gidajen masu kuɗi, ramin siminti, sokawe suke ce masa. Mota takan zo ta zuƙe na sama-sama. Na ƙasa da ya daskare kamar dutse, mesar motar ba ta jan sa, sai mutum ya shiga da shebur. To wa ya iya shiga rami in ba mu ba?"

Auta ya sunkuyar da kai yana jan guga, ranar ba tsokana.

Maigidan ya ce kananzir suke zubawa a ramin don ya kashe wari, su shafa a jiki, in sun fito su sha madara wai tana wanke ƙirji. Ya ce in sun gama, masu gida ba sa miƙa musu kuɗi a hannu, a ƙasa ake ajiyewa. Ruwan sha ma a leda ake jefo musu. Ya ce, "Hannun da na yi wannan da shi, ba na iya sa shi a akushi ɗaya da mutane. Na wanke, na wanke, amma ni na san inda ya shiga."

Na ce, "Hannun nan shi ya ciyar da gidan nan bana. Ka fito ka ci tuwo."

Sai na tambayi abin da ya fi damuna. Na ce, "Fitila fa? Kuna zurawa?"

Ya ce a'a. Iskar wancan rami ba irin ta rijiya ba ce, in ta ga wuta tashi take yi, ta taɓa ƙone wani. Saboda haka ba a zura fitila. Murya kawai ta rage.

Ranar da daddare na zuba tuwo a kwano ɗaya na sa hannu na zauna ina kallon sa, har ya gaji ya sa nasa. Inna kuwa ba wanda ya gaya mata komai, amma washegari na ji tana cewa auta, "Duk ramin da ba a zura masa fitila, a ninka masa kunne." Ashe tana zaune a ƙofar ɗakinta, ta ji duk abin da ya hau daga rijiya.

Suka koma rani na biyu, suka dawo lafiya. A na uku ne abin ya faru.

Ina tsakar gida ina sheƙar dawa, da rana tsaka, waya ta yi ƙara. Lambar auta ce amma muryar dattijon nan ce mai wankin hanji. Ya yi sallama, ya tambayi gida, ya tambayi Inna, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Tun daga tsawon gaisuwar na ajiye ƙwarya. Ya ce sai haƙuri, maigida ya riga mu gidan gaskiya, a bakin aiki. Ya ce mutanenmu sun yi masa wanka sun yi masa sutura yadda ya kamata, za a kai shi kafin la'asar. Na ce auta fa? Ya ce yana nan zaune, ba ya magana.

Ban ga gawarsa ba, ban san inda kabarinsa yake ba. An ce wata maƙabarta ce ta Hausawa, kusa da titi. Abin da aka kawo mini jakarsa ce, da riga biyu da carbi da cokalin nan. Jakar na warin kananzir. Har yau tana rataye a bayan ƙofa, in iska ta kaɗa ta wani gefen sai in ji kamar ya shigo.

Auta ya dawo tare da jakar. Mutumin da ba a jin kunne in yana gida, ya zama in ka gaishe shi sai ya ɗaga kai kawai. Matarsa ta ce ko a ɗaki haka yake. Ba ya zama inda injin niƙa ke aiki, in an tayar da shi sai ya tashi ya nufi gona. Ni kuma ina takaba, ba mai tsokanar wani. Ba wanda ya ce masa ya aka yi. Mutanen gari suka ce kwana ne ya ƙare, haka ne kuma. Amma ni da na san dokar gidan, tambaya ɗaya ke cina: na ƙasa ba ya shiru, na sama ba ya jira, to ina aka samu tazarar da mutum zai mutu da igiya a ƙugunsa?

Aka yi damina, ya nome gonarsa ya nome tamu, shi kaɗai, kamar mai biyan wani abu. Amfanin bai kai ba. Gida biyu ne yanzu a wuyansa, ga Inna. Da aka gama girbi sai na ga yana wanke tasa jakar. Matarsa ta zo ɗakina tana kuka, ta ce komawa zai yi, kuma wannan karon shi zai riƙa sauka, don na ƙasa ya fi samu. Na ce a raina, mutumin da ba ya magana zai shiga ramin da murya kaɗai ke tsaron rai? Wannan ai ba neman abinci zai je ba, bin wansa zai yi.

Na same shi a zaure. Na ce, "Kafin ka tafi ka yashe mana rijiya. Tun da Yayanka ya yashe ta ba a sake ba." Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ɗaga kai.

Aka samo maza biyu daga maƙwabta suka riƙe igiya. Aka zura fitila ta kai ƙasa tana ci. Ya yi bisimilla ya sauka. Na zauna a wurina. Sai ƙarar shebur, sai numfashi. Ba magana.

Na ce, "Kai, mijin banza, ka manta dokar gidanku?"

Shiru.

"In ba ka da labari, ni ina da shi. Amma duk abin da na faɗa sai ka amsa, in ba haka ba in sa a jawo ka kamar guga, gari ya ji."

Can na ji, "To."

Na yi ta zuba, ni da ma abin nema ya samu. Na ba shi labarin akuyar da ta cinye mini sabulu, na ce har yanzu ina bin sa zanen salla. Yana cewa "to," yana cewa "uhm." Guga na hawa yana sauka. Sai da aikin ya yi nisa, muryarsa ta fito. A sama muryarsa da ta wansa ba su kama da juna ko kaɗan. A cikin rijiya kuwa ɗaya ce.

"Matar Yaya, kina ji?"

"Ina ji."

Ya ce gidan wani mai kuɗi ne, za a yi biki washegari, ana sauri. Ramin na bayan gida, jikin katanga, kuma dab da bakinsa aka ajiye janareto, ƙato, mai girgiza ƙasa. A maƙwabta kuma masu walda na yankan ƙarfe. Ya ce ya je wurin mai gadin gidan ya roƙa a kashe injin, da hannu da 'yan kalmomin da ya iya. Aka ce masa ana dafe-dafen biki, firji ba zai zauna ba wuta ba, in ba za su iya ba a kira wasu. Yaya ya ce a bari, zai ɗaga murya.

"Da farko ina jin sa. Labarinki ma yake yi, wai ranar da kika bi kaza kika faɗa kwandon barkono. Ina cewa ina ji, ina ji. Ina jan guga, ina kaiwa durom, ina dawowa. Ƙarar injin nan ta cika mini kai. In na kasa kunne sai in ji kamar magana a cikinta, tana hawa tana sauka, irin tasa. Ina ta cewa ina ji, Yaya. Ina ji."

Ya tsaya. Na ji numfashinsa yana sarƙewa.

"Sai da na zura guga na ji ba a kama ba. Na leƙa. Yana zaune ya jingina da bango, kamar mai hutawa. Matar Yaya, ban san tun yaushe nake amsa wa inji ba."

Mazan da ke riƙe da igiya suka kau da kai. Ni kuwa na rasa abin cewa, karo na farko a rayuwata. Kuma a cikin wannan rashin abin cewa nawa sai na lura ƙasa ta yi tsit. Ba shebur, ba kuka, ba numfashi.

Ban tambaya ba. Na ce, "Ku ja!"

Suka ja. Ya fito jikinsa duk laka, idonsa biyu, lafiyarsa ƙalau. Ya zauna a bakin rijiya yana kallona. Ya ce, "Ba abin da ya same ni. Shiru kawai na yi." Na ce, "Na sani. A gidan nan in an yi shiru ja ake yi. Ko ƙarya ce a jawo ka, ka fito ka yi mana faɗa." Sai ya kifa kai a gwiwa ya yi kukan da bai yi ba tun Legas. Inna ta lallaɓo da sandarta ta dafa kansa, ta ce, "Kunne ɗaya ba ya isa a wancan gari."

Na so a ce wannan ya hana shi tafiya. Bai hana ba. Rumbu ba ya jin labari. Abin da na samu kawai shi ne alkawari, kuma a gaban Inna na sa ya ɗauka: ba zai sauka rami ba sai ya kira ni.

Ga yadda muke yi. In ya samu aiki, zai kira tun yana sama. Ya sa wayar a leda ya ɗaure, ya rataya a wuya, dab da baki. Mai riƙe masa igiya wani mutumin Kafur ne, lambarsa na cikin wayar matar auta, ita kuma tana zaune kusa da ni da yatsa a kai, shi ma ya san in wayarsa ta yi ruri a aljihu ba ɗauka zai yi ba, ja zai yi. Ni kuma in shiga ɗaki in rufe ƙofa, in sa a kore kaji, in hana yara motsi. A nan Gozaki ba janareto a kaina. Ina jin duk abin da na bakin ramin ba ya ji: shebur, tari, da numfashin da ke tsakanin magana da magana.

Bakinsa ya dawo, amma a ƙasa kawai, kamar wansa.

"Matata, yau ramin wani Alhaji ne, da gani ana cin nama a gidan nan."

"Allah ya shirye ka. Yi aikinka."

"Kina ji?"

"Ina ji."

Sau ɗaya na ji harshensa ya fara nauyi, yana maimaita kalma ɗaya kamar mai gyangyaɗi. Na daka wa matarsa tsawa ta danna. Aka jawo shi yana amai, ya kwana biyu kansa na sarawa, ya koma aiki. Sau da yawa kuma na sa an jawo shi a banza, ya kira yana faɗa wai na sa masu gida na yi masa dariya. Na ce su yi ta yi.

Abin da ban gaya wa kowa ba sai kai, shi ne muryar. In ya yi nisa a ƙasa, siminti ya daskarar da ita, waya ta ƙara mata nisa, ba auta nake ji ba. Wani lokaci har sai in ji bakina zai ce Malam. Rannan yana cikin zuba sai ya ce, "Miyar nan gishiri ya yi mata yawa," irin maganar da wansa ya taɓa yi mini daga cikin rijiya. Da ya fito na tambaye shi wace miya, ya ce shi bai tuna ya faɗi haka ba, a rami mutum faɗin duk abin da ya zo bakinsa yake yi. Wataƙila a wurin wansa ya taɓa ji. Wataƙila. Ni dai tun daga ranar, in na je ɗiban ruwa da sassafe, kafin in zura guga nakan leƙa in ce, "Ina ji," a hankali, kada yara su ɗauka na taɓu.

Kuma ina tsoron kaina. Auta ma ai kunne gare shi, kuma son wansa yake yi, shi ya sa ya ji muryarsa a cikin inji. Ni da nake marmarin wannan murya fiye da kowa, wa ya ce ba zan ji ta ba bayan ta ɗauke?

Ga kuma sabis. Garinmu in hadari ya taso ko iska ta juya, sai layi ya yanke ɗif, tsakiyar kalma. Dokar gida ta ce in an yi shiru a ja. Amma in sabis ya ɗauke, wayar matarsa ma ba ta shiga. Sai mu zauna mu biyu, kowa da waya a hannu, muna kallon juna, can kuma mutum na ƙasa yana ta ba da labari, yana tsammanin ana ji.

To kai da ka san birni, wataƙila ma can za ka koma, in ka fito bayan gidanka ka ga mutum tsaye a bakin rami riƙe da igiya, ya karkata kai yana kasa kunne, ga injinka na ruri a gefensa, za ka iya haƙura da wuta na ɗan lokaci har na ƙasa ya fito?